Aikin Da Ke Ƙarƙashin Fenti

Sana'ar da nake ci da ita a Abijan ba ta da suna a bakin Hausawa. In na je gida Tsibiri, kusa da Maraɗi, dangi suka tambaye ni aikina, sai in rasa ta inda zan fara. Waɗansu suna cewa ni kafinta ne, waɗansu su ce mai walda. Kakata kuwa har ta koma wurin Ubangiji tana gaya wa mutane jikanta gyartai ne, amma na jiragen ruwa. Ita ce ta fi kusa da gaskiya, gama abin da ya tsage nake ɗinkewa, sai dai ba da basilla da kaba ba. Da zaren gilashi da ƙaron bature nake aiki, wanda muke kira rezin.

Abin ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Wanda ya taɓa ganin magina suna kwaɓa ƙasa da ciyawa ya riga ya san tushensa. Ƙasa ita kaɗai takan tsattsage, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayawa, amma in an gama su sai ga bango da zai ga jikoki. Wannan ne ya sa aikin tubali ya tsananta wa Isra'ilawa a Masar sa'ad da Fir'auna ya hana a ba su ciyawa, kamar yadda muka karanta cikin littafin Fitowa. Mutanen Kano sun ma fi haka gwaninta. Laso, wanda suke shafe rijiyoyin marina da soraye da shi, haɗi ne na katsi da gashin jima da dafara. Gashin yana riƙe jikin abin kada ya rabu, dafara tana manne shi, ruwa kuwa ba ya samun hanya. In ka cire gashin akuya ka sa zaren gilashi, ka cire dafara ka sa rezin, to ka shigo shagonmu. Turawa sun ƙara da zaren kabon, baƙi ƙirin, mai ƙarfi da rashin nauyi, wanda yau ake ƙera jiragen sama da shi. Boeing 787 wajen rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗi ne, Airbus A350 kuma ya ɗan ɗara rabi.

Na sauka Adjamé a 1999, kamar yadda kusan kowane Bahaushe yakan sauka, gama nan manyan motoci suke juye mutanen arewa. Shekara uku ina taimakon wani ɗan'uwan mahaifiyata sayar da garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, abincin da mutanen Kwaddibuwa suka laƙaba wa sunan 'yan Nijar masu sayar da shi. Har yanzu a Adjamé nake kwana, amma a Treichville nake wuni, bakin tafkin Ebrié. Abijan birnin ruwa ne. Tafkin ya fi kilomita 100 tsawo, ya ratsa birnin ya raba unguwa da unguwa. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 aka haɗa shi da teku, ruwansa ya zama gauraye, wani lokaci gishiri ya yi yawa, wani lokaci ruwan koguna ya rinjaya. An gina gadar Houphouët-Boigny a 1957, ta De Gaulle a 1967, ta uku a 2014, an kuma ƙara waɗansu bayanta, duk da haka dubban mutane ta ruwa suke zuwa aiki kowace safiya. Akwai jiragen fasinja na kamfanin SOTRA, akwai na kamfanoni biyu da suka shigo a 2017, akwai manyan kwale-kwalen katako da ake kira finas. Ban da su kuma akwai ƙananan jirage masu inji na masunta, da na masu kai mutane tsibirin Boulay da Assinie. Da yawa cikin waɗannan ƙanana da zaren gilashi aka yi su, su ne kuwa abincina.

Wanda ya koya mini aikin mutumin Senegal ne, ɗan Katolika, kowa yana ce da shi Tsoho, yadda ake girmama dattijo a Abijan. A ƙuruciyarsa ya yi makanikan jiragen sama a rundunar sojan ruwa ta Faransa, daga baya ya yi shekaru a ma'aikatar gyaran jirage ta Air Afrique a filin jirgin Port-Bouët. Da kamfanin ya rushe a 2002, gwanaye da yawa suka watse, wani ya koma tuƙin tasi, wani ya koma ƙauye. Shi kuwa ya kafa rumfar kwano a Treichville ya shiga gyaran jiragen ruwa. A shekarar nan ce yaƙi ya ɓarke a ƙasar, zaman baƙi ya yi wuya, cinikin garba ya ja baya, ni kuma na je wurinsa neman aikin share ƙura. Ya riƙe ni shekara goma sha ɗaya.

Tsoho bai taɓa yarda cewa jirgin ruwa ya fi jirgin sama arha ba. Yakan ce duka biyu mutane suke ɗauka zuwa inda ba a iya sauka a tura. Saboda haka dokokin sojan ruwa ya kawo cikin rumfar kwano, mu kuwa yara muna ganin wahala ce kawai ta tsufa.

Daga bakinsa na ji dalilin da ya sa sojan ruwa suka fi kowa damuwa da wannan haɗi. Jirgin sama da ke zaune a kan babban jirgin ruwa, ko wanda ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa teku yana sintiri, kullum cikin iskar gishiri yake. Gishiri yana cin alminiyam kamar yadda gara take cin azara, ga kuma dirar da jirgin yake yi da ƙarfi a kan ɗan gajeren fili, ƙugiya ta fizge shi ya tsaya. Sai aka nemi abin da ba ya tsatsa, ba ya kuma da nauyi. Jirgin yaƙin sojan ruwan Amurka F/A-18, wanda ya fara aiki a 1983, fatar fikafikansa ta zaren kabon ce. Harrier na biyu kuwa fiffikensa kusan duka da shi aka yi. Jirgin sintirin Faransa mai suna Atlantic, irin wanda aka daɗe ana girkewa a Dakar, an yi yawancin fatarsa da falle biyu na alminiyam, tsakaninsu wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma. Hancin jirage ma, inda na'urar hango nesa take, da zaren gilashi ake yinsa domin saƙon na'urar ya iya ratsawa.

Amma kowane gwani da lagonsa. Ƙarfe mai gaskiya ne: in an buge shi ya lotsa, in ya gaji ya tsage, in ya ruɓe ya nuna tsatsa. Haɗin zare da rezin kuwa mai ɓoye ciwo ne. Makanike zai iya sakin sifana daga hannunsa ta faɗa kan fiffike, a duba a ga ko ƙwarzane babu, alhali a ciki fallayen sun rabu da juna kamar shafin littafin da ya sha ruwa. In ruwa ya shiga ramukan saƙar zuman nan, jirgi ya hau sama inda sanyi yake kai digiri 50 ƙasa da sifiri, sai ruwan ya zama ƙanƙara ya kumbura, ya ɓamɓare fatar daga ciki kaɗan-kaɗan, tafiya bayan tafiya. Wani abin mamaki kuma, zaren kabon da kansa ba ya tsatsa, amma in ya taɓa alminiyam ga ruwan gishiri a tsakani, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa narkewa. Domin haka akan shimfiɗa falle ɗaya na zaren gilashi tsakaninsu, a kuma ɗaure da ƙusoshin titaniyam. Maƙwabtaka ce da ba ta yiwuwa sai da shinge.

To, yaya za a gane ciwon da ido ba ya gani? Manyan ma'aikatu suna da na'urar da ke aika sauti cikin abu ta saurari dawowarsa, da kyamarar da ke ganin bambancin zafi. Amma har a can ba a raina tsohuwar dabara ba, wato ƙwanƙwasawa. Tsoho yana da tsabar dala ashirin guda da ba ya kashewa. Da ita yake bin jikin jirgi, taki ɗaya-ɗaya, kansa a sunkuye kamar mai addu'a. Inda yake lafiya sai ka ji ƙara mai kaifi, ƙal-ƙal. Inda fallaye suka rabu sai ka ji ta mutu, kamar an buga tulun da ya tsage. Duk matar da ta taɓa sayen tukunya a kasuwar Maraɗi ta san wannan gwaji. Wata shida ya sa ni ina ƙwanƙwasa ina zana da'ira da alli kafin ya bar ni in taɓa rezin. Yakan biyo bayana da tasa tsabar, in ya sami wurin da da'irata ta tsaya, sai ya ƙara faɗinta da yatsa uku, ya ce ciwo kullum ya fi abin da kunne ya ji.

Gyaran kansa ba shi da wuyar faɗi. A yanke duk inda ya mutu, ba tausayi. A goge gefen ramin a kwance, ya zama gangare mai laushi, domin sabon falle ya sami wurin kamawa. A jirgin ruwa, in kaurin jikin santimita 1 ne, gangaren yakan kai santimita 12 ta kowane gefe. A jirgin sama sukan ninka wannan sau biyu ko fiye. Ke nan ramin da bai fi tafin hannu ba yakan zama faifai guda kafin a fara rufe shi, a nan ne kuwa mai jirgi yakan fara ihu, yana cewa ya kawo a gyara masa an ƙara ɓata masa. Bayan haka a busar da wurin sarai. Sa'an nan a yanka zaren falle-falle, kowanne da girmansa, a bi yadda zaren asali ya kwanta, gama ƙarfin abin yana bin tsawon zare ne kamar yadda ƙarfin itace yake bin jijiyarsa. A jiƙa da rezin, a murje har kumfar iska ta ƙare. Rezin in ya yi yawa nauyi ne kawai da gautsi, in ya yi kaɗan zaren ya zauna da ƙishi, fari-fari.

Masu jirgin sama sun fi mu gata. Zarensu yakan zo a jiƙe tun daga masana'anta, a ajiye shi cikin firiza a digiri 18 ƙasa da sifiri, ana lissafta kowace sa'a da ya yi a waje. In sun shimfiɗa shi sai su rufe da leda su zuƙe iskar, su ɗora bargon lantarki su gasa shi a digiri 120 ko 180, na'ura tana rubuta zafin minti-minti. Mu a Treichville rana ce murhunmu, ita ce kuma abokiyar gabarmu. Rezin ɗin da muka fi amfani da shi ana ɗiga masa maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Da zafin Maris, kafin minti 15 ya fara kamawa a cikin kwano, in kuwa ka kwaɓa da yawa ka bar shi a tare, zai yi zafi har ya yi hayaƙi ya narkar da robar. A watan Yuni kuma, sa'ad da sama take zuba ba ƙaƙƙautawa, iska kanta jiƙaƙƙiya ce, jikin jirgi ba ya bushewa, rezin kuwa ba ya kama wuri mai laima. Zai yi kamar ya kama. Bayan wata biyu sai ka ɓare shi da farce kamar ɓawon rogo.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ranar da na fassara wa Tsoho wannan karin magana, ya yi dariya ya ce mai karin maganar hatsi yake aunawa. A rumfarsa ba a kwaɓa kome sai a kan sikeli. Musamman rezin mai tsada da ake kira efoksi, wanda in ka ƙara masa magani fiye da ƙa'ida ba sauri zai yi ba, lalacewa zai yi, ya zauna da taushi har abada. Ni ma yau sikelin nan nake amfani da shi, gama ya bar mini shi sa'ad da ya koma ƙasarsu a 2013.

Ya bar mini wani abu kuma, wato littafin aiki. A wurin sojan ruwa, in ji shi, ba a ƙare gyara sai an rubuta abin da aka yi, da lambar kayan da aka sa, da sunan wanda ya yi, wani dabam kuma ya duba ya sa hannu. Matuƙin da zai hau jirgin bai ga aikin ba, ba zai kuwa taɓa ganinsa ba, sa hannun nan kaɗai ya dogara gare shi. Ina da irin wannan littafi, na 'yan makaranta mai shafi 200, yanzu na cika guda tara. Ba hukumar da ta ce in yi, ba kuma mai jirgin da ya taɓa cewa in nuna masa.

A nan ne sana'ar take gamuwa da bangaskiya, ba a cikin wa'azi ba, a cikin ciniki. Gama a aikinmu, gyaran gaskiya da na ha'inci kamarsu ɗaya bayan an shafa fenti. Mai ha'inci ma nasa yakan fi sheƙi, domin lokacin da ya rage daga ciki ya kashe shi a waje.

Wata shekara, ana saura mako biyu Kirsimeti, wani dattijon Bahaushe na Adjamé ya kawo mini aiki. Shi ne maigidan da ya sauke ni sa'ad da na zo baƙo, ya ba ni tabarma da tuwo bai tambayi addinina ba, ko da yake ya sani. Abokin cinikinsa yana da jirgi mai ɗaukar mutum goma sha biyar, yana kai masu shaƙatawa bakin teku. Jirgin ya hau kan gungumen da ke ɓoye cikin kainuwa, ya sami tsaga a ƙasa, ba ta fi tsawon hannu ba. Da na ƙwanƙwasa, sai na ji muryar ta mutu har kusan taki biyu kewaye da tsagar. Na huda ɗan rami, ruwa ya ɗiɗɗigo daga cikin katakon da ke tsakanin fallayen, baƙi, mai wari. Na ce aikin mako uku ne, yawancinsa jiran bushewa, kuɗinsa kuma jika 400. Mai jirgin ya ce kwana uku yake da su, gama ƙarshen shekara ne kakarsa, in lulluɓe tsagar daga waje in shafa fenti, zai ba ni jika 150, sauran sai bayan biki.

Ban ce mugu ba ne. Yana da bashin inji a kansa, yana da ma'aikata uku masu iyali. Ni ma a watan nan kuɗin haya na jirana, ga kuɗin makarantar yara na zango na biyu. Na ƙi. Da dare dattijon ya aika a kira ni, muka zauna a ƙofar gidansa.

Ya ce, "Ɗana, ni na kai ka wurin mutumin nan. Ka kunyata ni."

Na ce, "Baba, ka yi mini gafara. Da abin kunya ne kaɗai da na ɗauka a kaina. Amma ƙasan jirgin nan ruɓaɓɓe ne, mata da yara za su hau."

Ya ce, "Kai ne mai rayarwa? Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ka yi abin da mai kaya ya ce, alhakin yana wuyansa."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba, rai na hannun Allah. Amma su masu hawa ba su ji abin da na ji da kunnena ba. In na shafa fenti, na ce musu lafiya ke nan."

Ya yi shiru, ya ja carbinsa, ya ce in gai da gida. Shekara guda bai sāke aiko mini da kowa ba, wannan kuwa ya fi asarar jika 150 zafi, gama yawancin aikina ta hannunsa yake zuwa. An kai jirgin wani wuri, aka yi masa abin da mai shi yake so, ya yi kakarsa. Na sha ganinsa yana wucewa ta gaban rumfata, fari fat. Ban ji ya nutse ba, ina kuwa roƙon Ubangiji kada in taɓa ji. Na faɗi wannan ne domin a cikin shaidu da muke bayarwa a ikilisiya mun cika son labarin da mai gaskiya yake samun ladansa kafin Lahadi ta zagayo, mai ha'inci kuma ya ga sakayya a idon jama'a. Ba kullum haka take faruwa ba. Matata ta sayar da zannuwanta biyu muka biya haya. Daga baya dattijon ya aiko da akwatunan ƙanƙara na masu kifi a gyara, bai ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Wani dattijon ikilisiyarmu, da na ba shi labarin, ya tuna mini cewa sana'ata tana da magabata cikin Littafi Mai Tsarki. An umarci Nuhu ya shafe jirginsa da ƙaro ciki da waje, ba waje kaɗai inda ake gani ba. Mahaifiyar Musa kuma ta saƙa kwando da iwa ta dalaye shi da kwalta da ƙaro kafin ta sa jaririnta a kogi. Zare da rezin ke nan, ba ragi. Na tabbata matar nan ba ta bar ko kafar allura ba, gama ta san wanda zai kwanta a ciki. Tun daga ranar nan, in yaro a rumfata ya ce wuri ya isa haka, nakan tambaye shi ko zai sa ƙaninsa a ciki.

Mutane sukan tambaye ni ko jirgin sama na roba, kamar yadda suke kiransa, abin amincewa ne. Tambayar ta yi yawa bayan 30 ga Janairu 2000, daren da jirgin Kenya ƙirar A310 mai zuwa Legas ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Port-Bouët, mutum 169 suka rasu, 10 suka tsira. Ta sāke tasowa a Nuwamba 2001 sa'ad da jelar wani A300, wadda aka yi da zaren kabon, ta ɓalle a sararin New York. A duka biyun masu bincike ba su ɗora laifin a kan kayan ba. Na Abijan ƙararrawar gargaɗi ce ta yi kukan ƙarya, matuƙa suka sunkuyar da jirgin cikin duhu. Na New York kuwa an yi ta murɗa jelar dama da hagu har nauyin ya wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Kayan ba su da laifi in an san halinsu. Tsorona yana wurin hannun da ke gyara su, da wanda ke tsaye a kansa yana duban agogo.

Akwai wani alhaki kuma da ba a cika zancensa ba, na yaran da muke ɗauka aiki. Kowace shekara bayan girbi samari suna gangarowa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram cin rani, wanda bai sami tura baro a kasuwar Adjamé ba yakan iso wurinmu. Aikin farko da ake ba baƙo shi ne guga, shi ne kuwa mafi cuta. Ƙurar gilashi tana shiga fata ta yi ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, wannan da sauƙi, wanka da ruwan sanyi yana rage shi. Wadda ta shiga huhu ita ce ba ta da wanka. Warin rezin kuma yana sa jiri da ciwon kai, wanda ya daɗe cikinsa har yakan daina jinsa, ya ɗauka ya saba. A rumfuna da yawa ana ba yaro gwangwanin madara da yamma a ce tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba huhu ba. Abin da ke tsare mutum shi ne abin rufe hanci na ainihi mai matata, da safar hannu, da tabarau, da rumfa mai shan iska. Maganin daskarewan nan ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. In kuma ya gamu kai tsaye da ɗaya maganin, mai launin shunayya, wanda ke hanzarta rezin, wuta ce take tashi nan take. Domin haka a rumfata ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, yaro kuwa ba ya taɓa su sai ya shekara.

Abin rufe hanci mai kyau yana cin kuɗin aikin yaro na mako guda ko fiye, matatarsa kuma sai an riƙa sauyawa. Na ga masu bi, har da masu riƙe da muƙami a ikilisiya, waɗanda ba sa fasa zakarsu ta kashi ɗaya cikin goma, amma yaransu suna guga da tsumma a hanci. Ban ga yadda baikon Lahadi zai rufe wannan ba. Yaron zai koma ƙauyensu da damina da 'yan kuɗinsa da rediyo, tarin kuwa sai bayan shekaru zai fito, a lokacin ba mai tunawa da Treichville. Yawancin yaran nan Musulmi ne, sun kuma san ni Kirista ne tun ran da suka ga ba na buɗe rumfa ran Lahadi. Ba su karanta Littafinmu, ni suke karantawa. Ɗayansu ya taɓa gaya wa sabon zuwa, ina jinsa daga bayan jirgi, cewa maigidan nan yana da tsanani a kan sikeli da takunkumi, amma ba ya cin kuɗin kowa.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne ƙarshen kayan. Finas na katako in ya tsufa yakan ruɓe, ko mata su faskara shi su ƙyafe kifi. Jirgin zaren gilashi ba ya ruɓewa. Alherinsa ke nan sa'ad da yake aiki, shi ne kuma masifarsa in ya mutu. Ga su nan a gefen tafki, rabi cikin laka, sauro yana haihuwa a cikinsu. Waɗansu suna cinna musu wuta da dare, baƙin hayaƙi mai guba ya rufe unguwa, da safe a tarar da zaren yana nan fari kamar furfura, gama gilashi ba ya ci. Ko a Turai, inda ake da dubban irin waɗannan jirage da fikafikan injin iska da suka tsufa, yawanci niƙa su ake yi a zuba a murhun siminti, ko a binne.

Ni dai abin da nake iyawa kaɗan ne. Inda jikin tsohon jirgi yake da sauran lafiya nakan yanka shi in yi murfin rijiya, ko kwamin wanki, ko rufin teburin masu garba. Bara na sayi gawar wani ƙaramin jirgi a jika 20, na yanke gabansa da bayansa, na toshe, na sāke masa falle uku daga ciki, na shafa masa shuɗin fenti. Ikilisiyarmu ba ta da wurin baftisma, ruwan tafki kuwa a gefenmu ya ƙazantu ƙwarai, ba mai son a nutsar da shi a ciki. Mun cika shi da ruwan famfo muka bar shi kwana bakwai a kan busasshen siminti, kowace safiya ina zuwa in duba ƙarƙashinsa, kafin na gaya wa fasto ya sa rana. A Ista aka yi wa mutum shida baftisma a ciki, biyu daga cikinsu 'yan Dogonduci.